Kai iyali gidan wasan ruwa: wa zai sa ido a kan wa?

Tambaya: Ina da niyyar kai iyalina wani babban wurin shaƙatawa mai wasannin ruwa a lokacin hutun makaranta. Mu shida ne: ni da mai ɗakina da ƙanwarta, sai 'ya'ya uku, mai shekara goma, da mai shekara shida, da autansu ɗan shekara biyu. A cikin yaran, babban ne kaɗai ya ɗan iya iyo. Ta yaya zan tsara ranar yadda kowa zai more, kuma mu dawo gida lafiya?

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya, kuma na ji daɗin yadda ka faɗi shekarun yaran da matsayin iyonsu, domin a kan waɗannan abubuwa biyu ake gina dukkan shirin. Yawancin iyaye idan za su je irin wannan wuri, hankalinsu yakan tafi ne kan tikiti da kayan sawa da wasan da za a fara hawa. Duk waɗannan suna da muhimmanci, kuma zan zo kansu, amma abin da ya kamata ku fara zama ku yanke tun kuna gida shi ne wane babba ne zai riƙe wane yaro, a wane lokaci, kuma yaya za a riƙa miƙa wannan nauyi daga hannu zuwa hannu.

Dalilin da ya sa na fifita wannan a kan komai yana cikin yanayin ginin wuraren ne. Tun daga Wet 'n Wild, wanda George Millay ya buɗe a birnin Orlando na Amurka a 1977, kuma ake ɗaukarsa cikin na farko a irin wannan tsari, manufar gidan wasan ruwa ita ce a tara abubuwa mabambanta a fili ɗaya: dogayen magangaran zamiya ga manya, tafki mai igiyar ruwa, kogin da ke zagaye wurin a hankali, da sashen ƙananan yara mai ruwa iya idon sawu. Kowane sashe an yi shi ne don wasu shekaru, saboda haka wurin da kansa yake rarraba iyali. Mai shekara goma zai ja ku zuwa magangara mafi tsawo, mai shekara shida zai so ya bi shi, shi kuwa autan babu abin da ya dace da shi sai ruwan da bai kai gwiwarsa ba. Idan ba ku tsara rabuwar da kanku ba, za ta faru ba tare da saninku ba, kuma a irin wannan rabuwa ce kowane babba yake zaton yaron yana hannun ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Gaskiya ne cewa mafi yawan waɗannan mace-mace a koguna da tafkuna da rijiyoyi suke faruwa, kuma wurin da ke da masu aikin ceto ya fi su aminci nesa ba kusa ba. Abin da nake so ka ɗauka daga alƙaluman shi ne shekarun waɗanda abin ya fi shafa, domin kana da yaro a cikin wannan rukuni, kuma kana da wani da bai daɗe da fita daga cikinsa ba, wanda bai iya iyo ba.

Mutane da yawa suna tsammanin wanda ruwa yake ci zai yi ihu, ya ɗaga hannu, ya fantsama ruwa. Ba haka abin yake ba a mafi yawan lokuta. Wani masani ɗan Amurka mai suna Frank Pia, wanda ya yi aikin ceto a bakin teku a New York kuma ya ɗauki hotunan bidiyon mutanen da ake cetowa, ya nuna cewa mai nutsewa ba ya samun numfashin da zai yi magana, domin bakinsa yana fitowa ya koma cikin ruwa kafin ya gama shaƙar iska. Hannuwansa kuma suna buɗewa gefe suna danna ruwa ƙasa ba da son ransa ba, don haka ba zai iya ɗaga su ya yi alama ba. Jikinsa yana tsaye, kansa a karkace baya, kuma wannan fafutuka ba ta wuce daƙiƙa 20 zuwa 60 kafin ya nutse, yara kuwa nasu lokacin ya fi kusa da daƙiƙa 20 ɗin. Yaron da ke cikin wannan hali a tsakiyar cunkoso yana iya yin kama da mai wasa, har wanda ke kusa da shi da taku biyu ya kasa ganewa. Saboda haka yaron da ke surutu da dariya a ruwa ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ya yi shiru shi ne za a nufa a tambaye shi ko lafiya, idan bai amsa ba a ɗago shi nan take.

To, ina amfanin masu aikin ceto? Amfaninsu babba ne, kuma ina girmama aikinsu ƙwarai. A wurare da yawa ana horar da su bisa ƙa'idar cewa mutum ya iya duba dukkan yankin da aka ba shi cikin daƙiƙa 10, ya kuma isa ga wanda ke cikin matsala cikin daƙiƙa 20. Amma yankin nan yana iya ɗauke da mutane masu ɗimbin yawa, hasken rana yana ƙyalli a kan ruwa, tayoyin roba suna rufe abin da ke ƙarƙashinsu, kuma shi mai ceton bai san ɗanka ba, bai san cewa bai iya iyo ba. Aikinsa shi ne ya kai ɗauki idan abu ya ɓaci. Hana abin ɓacewa tun farko naku ne.

Ku manya uku ne, yara ma uku, kuma wannan sa'a ce da iyalai da yawa ba su da ita. Shawarata ita ce kowane babba ya ɗauki yaro ɗaya da sunansa. Wanda ke riƙe da autan ba zai yi nisa da shi fiye da tsawon hannu ba muddin suna kusa da ruwa, wanda shi ne abin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka take ba da shawara ga ƙananan yara da duk wanda bai ƙware a iyo ba. Wannan doka ta shafi mai shekara shida ma a duk ruwan da ya wuce ƙugunsa. Wanda ya fi iya iyo a cikinku shi ya kamata ya bi manyan yaran zuwa wurare masu zurfi. Idan kuma akwai babban da shi kansa bai iya iyo ba, a faɗi haka ƙarara tun a gida ba tare da jin kunya ba, a ba shi sashen ƙananan yara, shi ma ya sa rigar ceto idan zai shiga ruwa mai zurfi.

Wurin da tsarin ya fi karyewa shi ne lokacin miƙa yaro. Wani zai shiga bayi, wani zai je karɓo kaya, sai ya ce da sauran su ɗan duba yaran, ya wuce. Maganar da aka jefa wa jama'a babu wanda ya ɗauke ta a matsayin tasa. Ku yi yarjejeniya cewa ba a barin yaro sai an kira sunan wanda zai karɓe shi, shi kuma ya amsa da baki cewa ya karɓa. Wanda kuma yake kan aikin sa ido ba ya duba waya, ba ya ɗaukar hoto, ba ya hira mai ɗauke hankali. Tun da wannan aiki yana gajiyarwa, ku riƙa musanya, musamman wajen autan, domin wanda ya wuni a sunkuye a sashen ƙananan yara hankalinsa zai fara yawo. Kada kuma a ɗora wa mai shekara goma nauyin ƙannensa ko da na minti biyar ne. Shi ma yaro ne da ya zo wasa, kuma yaron da ya ɗan iya iyo yakan zaci ya fi ƙarfin ruwan da a gaskiya bai kai ba.

Game da rigar ceto, wurare da yawa suna bayarwa a ƙofa ko kusa da tafki, amma ka tabbatar kafin ranar, domin wasu ba sa yarda a shigo da ta waje sai mai ɗauke da shaidar hukumar da ke tantance ta. Ana zaɓen rigar ne bisa nauyin yaro, ba bisa shekarunsa ba. Bayan an ɗaure ta, a kama ta a kafaɗu a ja sama. Idan ta haye har ta taɓa haɓarsa ko kunnuwansa, ta yi masa yawa. Ta ɗan shekara biyu ya kamata ta kasance da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Robobin da ake hura wa iska a zura a damtse, da tayar da yaro ke zama a ciki, kayan wasa ne kawai: suna iya sacewa, suna iya zamewa, taya kuma tana iya kifewa da yaro kansa a ƙasa. Ko rigar ceton ta gaskiya ba ta ɗauke wa babba nauyin tsayawa kusa.

Akwai wani ƙaramin abu mai amfani da ake yawan mantawa, wato launin kayan iyo. Shuɗi da fari da toka-toka suna ɓacewa a cikin ruwan tafki da zarar saman ruwan ya motsa, amma ruwan lemo mai haske da ruwan ɗorawa da hoda mai ƙyalli ana hango su daga nesa. Idan za ka sayi sababbin kaya, ka sayi masu ɗaukar ido.

A cikin dukkan sassan wurin, tafkin igiyar ruwa ne nake so ka fi yin hattara da shi. Bakinsa yana farawa ne kamar gaɓar teku, ruwa iya tafin ƙafa, yana ƙara zurfi a hankali, kuma injin yana tayar da igiyar ne lokaci zuwa lokaci, yawanci bayan an yi ƙarar gargaɗi. Yaron da ya shiga lokacin da ruwa yake kwance, yana tsaye ruwa iya ƙirjinsa, da igiyar ta taso sai ƙafarsa ta bar ƙasa, ga kuma manya da tayoyinsu suna turo shi ta kowane gefe. Mai shekara shida ya shiga da rigar ceto da babba a gefensa, mai shekara goma kada ya wuce inda ruwa ya kai masa ƙugu sai tare da wanda ya iya iyo, autan kuwa ya tsaya a bakin gaɓa a riƙe da hannunsa. Kogin da ke zagaye a hankali ya fi sauƙi, amma shi ma zurfinsa yakan kai kimanin mita ɗaya, wanda ya fi tsayin ɗan shekara biyu.

Sai batun tsayi, wanda shi ne ya fi jawo kuka a irin wannan rana. Magangaran zamiya suna da iyakar tsayin da ake buƙata, kuma adadin da aka fi gani su ne santimita 107 da santimita 122. Yaro mai shekara shida yawanci tsayinsa yana wajen santimita 115, wato zai samu shiga wasu, a hana shi wasu. Ka auna shi a gida babu takalmi, ka duba shafin intanet na wurin, ka gaya masa tun kafin ku tashi waɗanda zai hau da waɗanda sai wata shekara. Jin haka a gida ya fi masa sauƙi a kan a mayar da shi bayan ya yi rabin sa'a a layi yana kallon yayansa ya wuce. Kada ka roƙi ma'aikaci ya yi maka alfarma. An lissafta gangaren da lanƙwasar da saurin ruwan ne bisa jiki mai wani tsayi da nauyi, kuma jikin da bai kai ba yana iya juyawa ko ya bugu da gefe. Haka nan ba a ɗora yaro a cinya a gangaro da shi sai inda aka rubuta cewa an yarda. A koya musu kwanciyar da ma'aikaci zai nuna, wadda galibi ita ce a rigingine, ƙafafu a gaba a harɗe, hannuwa a ƙirji, kuma da an faɗa ruwan ƙasa a tashi a ba na baya wuri. Babban da zai raka mai shekara shida ya fara gangarowa ya jira shi a ƙasa, ko kuma wani ya riga ya tsaya can. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya ko baya ko wuya, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, su ƙaurace wa manyan magangaran, mai farfaɗiya kuma ya nemi shawarar likitansa kafin tafiyar.

Ka karanta dokar sutura ta wurin tun da wuri. Akasari ana hana kayan da ke da zik ko maɓallin ƙarfe saboda suna karce magangara, wasu kuma suna hana tufafi masu faɗi da ke jiƙewa su yi nauyi. Kayan iyo masu rufe jiki da aka ɗinka da yadin iyo yawanci ana karɓarsu, amma tambaya ɗaya ta waya ta fi a tsayar da mutum a ƙofa.

Tsabtar ruwa ma tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin mutane suna ɗauka cewa sinadarin kulorin yana kashe komai nan take. Yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa cikin ƙanƙanen lokaci, amma akwai wata ƙwaya mai suna Cryptosporidium da ke haddasa gudawa, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce tana iya rayuwa fiye da kwana 7 a cikin ruwan da aka sa wa kulorin yadda ya kamata. Saboda haka duk yaron da ke gudawa ba ya shiga ruwa, ko da an riga an biya tikiti, kuma idan likita ya tabbatar wannan ƙwaya ce, sai an yi mako biyu bayan gudawar ta tsaya. Kunzugun iyo da za a sa wa autan yana riƙe kashi mai kauri na ɗan lokaci ne kawai, ba ya hana ƙwayar cuta fita, don haka a riƙa duba shi kusan kowace sa'a, a canza shi a bayi, ba a bakin ruwa ba. A kai manyan yaran bayi a kai a kai, a hana su haɗiye ruwan, kowa kuma ya watsa ruwa na kamar minti ɗaya kafin ya shiga. Ƙarfin warin da mutane ke ji su ce an zuba kulorin da yawa, a mafi yawan lokuta alama ce ta cewa kulorin ɗin ya haɗu da gumi da fitsari, kuma wannan haɗin ne yake sa ido ya yi ja. Idan kun isa kuka tarar ruwan ya yi duhu har ba a ganin ƙasan tafki, kada ku shiga, domin ruwan da ba a ganin ƙasansa ba za a ga yaron da ya nutse a cikinsa ba.

Rana kuma tana da nata lissafin. Ƙarfinta ya fi yawa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ruwa da farin daɓe suna maido da haskenta, sanyin ruwa kuma yana ɓoye wa mutum cewa fatarsa tana ƙonewa. Duhun fata yana rage ƙunar, amma ba ya hana ta gaba ɗaya. A shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka kamar minti 15 kafin a fita, a maimaita duk bayan sa'a biyu, kuma a duba jikin robar, domin wanda aka ce yana jure ruwa an rubuta minti 40 ko 80 ne, bayan haka sai an sake. Riga mai dogon hannu ta iyo da hula sun fi sauƙi ga ƙaramin yaro. Daɓen wurin yana yin zafin da zai ƙona tafin ƙafar yaro, don haka a tafi da takalman roba marasa santsi. Yaro a cikin ruwa ba ya jin ƙishirwa alhali yana gumi, sai an riƙa ba shi ruwan sha ko bai nema ba. Shi kuwa autan, sanyi ne zai fi saurin kama shi; da an ga yana rawar jiki ko leɓɓansa sun sauya launi, a fito da shi a goge shi a lulluɓe.

Tsarin lokaci ba shi da wahala. Ranar aiki ta fi ƙarshen mako sauƙin cunkoso, tikitin da aka saya ta intanet yakan rage tsayuwa a ƙofa, kuma isa kafin a buɗe yana ba ku damar samun wurin zama mai inuwa kusa da sashen ƙananan yara, wanda zai zama matattararku. Manyan yara su fara da magangaran da suka fi farin jini da safe kafin layi ya yi tsawo, da tsakar rana kowa ya dawo inuwa a ci abinci a huta, autan ya yi barcinsa. Babu hujjar kimiyya da ta nuna dole sai an jira sa'a guda bayan cin abinci kafin a shiga ruwa, amma hutun yana da amfani saboda gajiya. Ka duba ko ana barin shigo da abinci daga waje, ka kama akwatin ajiya mai makulli don waya da kuɗi, ka kuma karanta abin da wurin yake yi idan hadari ya taso, domin da an ji tsawa ana fitar da kowa daga ruwa, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Da kun shiga, kafin kowa ya taɓa ruwa, ka ɗauki hoton kowane yaro a cikin kayan da yake sanye da su, ka nuna musu kayan ma'aikata da ɗakin ba da agajin gaggawa, ka rubuta lambar wayarka a abin da ake ɗaura musu a hannu. Ka gaya wa manyan yaran biyu cewa idan sun ɓace su tsaya inda suke su nemi ma'aikaci. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka nemi yaro aka rasa, ruwa ake fara dubawa, a kuma sanar da mai aikin ceto mafi kusa a wannan daƙiƙar, ba sai an gama zagaye shaguna da bayi ba, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin 'yan mintuna idan ta rasa iska.

Ina ba ka shawara ku tashi kafin yaran su gama gajiya, ko da saura sa'o'i a rufe. Yaron da ya gaji ƙarfin iyonsa yana raguwa, biyayyarsa ma haka, manya kuma hankalinsu ya rarrabu. Lokacin haɗa kaya yana cikin lokuta masu haɗari, saboda an cire wa yara rigar ceto, kowa ya sunkuya yana neman takalmi da tawul, ruwa kuma yana nan kusa. A wannan lokaci mutum ɗaya ya ɗauki autan ya riƙe hannun mai shekara shida, sauran biyun su tattara kaya. Idan kun koma gida a wanke jiki da ruwa mai tsabta, a karkata kai a tsane kunnuwa da tawul ba tare da tura komai ciki ba. Yaron da ya shaƙi ruwa ya yi tari ya warware ya ci gaba da wasa yawanci babu damuwa, amma idan tarin ya ƙi tsayawa, ko numfashinsa ya yi sauri ko ya yi wuya, ko ya yi wani irin barci da kasala da ba a saba gani ba a cikin sa'o'in da suka biyo baya, a kai shi asibiti a daren, a gaya wa likita cewa ya shaƙi ruwa da kuma lokacin da abin ya faru.